Girman da Sai an Tankaɗe Ake Saninsa: Matsalar Tensa Mai Dogaro da Bayanai Wajen Harhaɗa Samfuran Koyon Na'ura

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin wata matsala da ke tasowa yayin da ake shirya samfuran koyon na'ura domin su yi aiki da sauri, wato matsalar tensar da ba a iya sanin girmanta sai an duba abin da ke cikin bayanan da aka shigar. An bambance girman da ke sauyawa saboda tsawon abin da aka shigar da kuma girman da ke fitowa daga ƙunshiyarsa, sannan aka bi hanyoyin da manhajojin PyTorch da JAX da makamantansu ke bi wajen shawo kan na biyun. An nuna cewa kowace hanya tana da abin da take ci: ko lokaci, ko wurin ajiya, ko wani yanki na bayanan kansu. Asara ta ukun ita ce ta fi shafar mai nazarin Hausa, domin takan faru ba tare da na'ura ta yi ƙorafi ba, kuma cikin sauƙi ana iya ɗaukar ta a matsayin kuskuren nahawu.

Fitilun Kalmomi: tensa, harhaɗawa, koyon na'ura, gutsattsarin rubutu, ciko

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan Hausa ta samu shiga cikin manyan samfuran sarrafa harshe. AfriBERTa, wanda aka fitar a shekarar 2021, an horar da shi ne a kan harsunan Afirka 11, ciki har da Hausa. A watan Yulin 2022 kamfanin Meta ya fitar da NLLB-200 domin fassara tsakanin harsuna 200, a watan Satumbar shekarar kuma kamfanin OpenAI ya fitar da Whisper mai mayar da magana rubutu. Hausa tana cikin dukkansu.

Idan masana Hausa suka zo auna irin waɗannan samfura, galibi tambayoyi biyu suke yi: da wane irin rubutu aka horar da samfurin, kuma yaya ingancin Hausar da yake fitarwa? Tambayoyin suna kan hanya. Sai dai tsakanin horo da amfani akwai wani mataki da ba a cika waiwayarsa ba, wato harhaɗawa, inda ake ɗaukar samfurin da aka gama horarwa a mayar da shi umarnin da wata na'ura takamaimiya za ta zartar cikin hanzari. A wannan mataki ake yanke shawarwari game da tsawo da iyaka, kuma shawarwarin sukan bar tabo a kan abin da samfurin ke fitarwa. Manufar maƙalar ita ce bayyana yadda abin ke faruwa, ta yadda wanda ba injiniya ba zai iya gane tabon idan ya ci karo da shi.

2.0 Tensa da Sigarta

Tensa jeri ne na lambobi da aka tsara ta fuska ɗaya ko fiye. Layi guda na lambobi tensa ce mai fuska ɗaya. Jadawali mai layuka da ginshiƙai tensa ce mai fuska biyu. Idan aka ɗora jadawali bisa jadawali kamar shafukan littafi, an sami mai fuska uku. Adadin gurabun da ke kowace fuska shi ake kira sigar tensa.

Samfurin harshe ba ya ganin jimla yadda mai karatu ke ganin ta. Da farko ana daddatsa rubutu zuwa gutsattsari, wani gutsuren kalma ce sukutum, wani kuwa harafi biyu ko uku ne kawai. Kowane gutsure sai a wakilce shi da jerin lambobi; a ƙaramin samfurin BERT na kamfanin Google, lambobi 768 ne. Saboda haka idan aka haɗa jimloli 8 a dami ɗaya, kowace da gurbin gutsure 128, sigar tensar ita ce 8 sau 128 sau 768, wato lambobi 786,432. Idan kowace lamba tana cin bayit 4 (bayit na ma'aunin kwamfuta ake nufi, kada a haɗa shi da baitin waƙa), damin zai ci wurin ajiya na bayit 3,145,728. Wanda ya san sigar, ya san wannan lissafi tun kafin a karanta kalma ko ɗaya daga cikin jimlolin.

3.0 Dalilin da Ya Sa Maharhaɗi Ke Son Sanin Girma Tun da Wuri

Manhajar da ke yin aikin harhaɗawa ita za a riƙa kira maharhaɗi a wannan maƙala. Daga cikin sanannunsu akwai XLA na Google, da TVM wanda ya samo asali daga Jami'ar Washington, da TensorRT na kamfanin Nvidia, da kuma torch.compile wanda ya zo tare da PyTorch 2.0 a watan Maris na 2023.

Maharhaɗi yakan bi samfuri daga farko zuwa ƙarshe ya zana taswirar duk lissafin da za a yi, sannan ya sake tsara ta. Yakan haɗe ƙananan ayyuka da ke jere su zama aiki ɗaya domin kada a yi ta kai-komo zuwa ma'adana. Yakan ware wa kowace tensa wurinta tun da farko, ya kuma san lokacin da wata za ta gama aiki a ba wata wurinta. Yakan zaɓi yadda za a raba lissafi tsakanin dubban ƙananan injinan da ke cikin na'urar GPU. Kusan duk waɗannan shawarwari sun rataya ne a kan sanin girma. Tela da ya san awon mai riga yana iya yanka yadi tun da safe ya jera ɗinki. Wanda aka ce wa mai rigar yana tafe amma ba a san tsayinsa ba, ko dai ya jira, ko ya yanka da yalwa ya yi asarar ƙyalle.

Akwai dalili na biyu wanda ya danganci yadda CPU da GPU ke aiki tare. A al'ada CPU ba ta jiran GPU ta gama aiki kafin ta aika mata da na gaba. Takan jera mata umarni a layi ta wuce gaba, GPU kuwa tana bi tana zartarwa. Gudun da ake samu daga wannan tsari ya dogara ne a kan cewa CPU ba ta buƙatar amsar aikin farko kafin ta tsara na biyu. Da zarar girman wata tensa ya zama amsar da ke cikin GPU, dole CPU ta tsaya cik, ta jira a gama duk abin da ke layi, a kwafo mata lambar, kafin ta san wurin da za ta ware. A wannan ɗan tsakani GPU mai tsada tana zaune ba aiki.

4.0 Girma Mai Sauyawa Iri Biyu Ne

A nan ne ake yawan cakuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba.

Iri na farko shi ne girman da ke sauyawa daga shigarwa zuwa shigarwa, amma ana saninsa tun a bakin ƙofa. Wata jimlar gutsure 12 ce, wata 90. Kafin lissafi ya fara an ƙirga, kuma duk girman da zai biyo baya ana iya fitar da shi daga wannan lamba. PyTorch yakan fara harhaɗawa da ɗaukar cewa girman da ya gani na dindindin ne. Idan shigarwa ta gaba ta zo da wani tsawo, sai ya sake harhaɗawa, a wannan karon ya sa alama irin ta aljabara, kamar s0, a madadin lambar. Yana amfani da manhajar SymPy wajen lissafi da waɗannan alamomi. Muhimmin abu shi ne alamar tana da madogara: akwai lambar gaske da aka gani a misalin da aka yi harhaɗawar da shi. Duk inda samfuri ya yi tambaya, alal misali ko s0 ya wuce 64, maharhaɗi zai dubi lambar misalin ya ba da amsa, ya bi reshen da ya dace, sannan ya rubuta sharaɗin tsaro cewa wannan taswira tana aiki ne muddin s0 ya wuce 64. Ana duba sharaɗin kafin a fara kowane lissafi. Idan bai cika ba, a harhaɗa wata taswirar.

Iri na biyu shi ne wanda maƙalar ta fi mayar da hankali a kansa. Mai tankaɗe ta san mudu nawa ta zuba a rariya, amma ba ta san yawan tsakin da zai rage ba sai ta gama kaɗawa. Haka aikin nonzero yake, wanda ke dawo da matsayin duk lambar da ba sifiri ba: tensa mai gurbi 1,000 tana iya ba da amsa mai gurbi 3, ko 700, ko babu ko ɗaya. Haka unique mai dawo da kowace lamba sau ɗaya ba tare da maimaici ba, haka zaɓe ta hanyar sharaɗi, kamar a ce a ɗebo duk gutsuren da makinsa ya wuce rabi. A nan siga ba ta isa ba; sai an duba ƙunshiya. PyTorch yakan sa wa irin wannan girma alama kamar u0, wadda ba ta da madogara. Ba a ba ta lambar misali da gangan, domin ko an ba ta, babu yadda za a duba sharaɗinta a bakin ƙofa, tunda lambar ba ta wanzuwa sai lissafi ya kai tsakiya.

4.1 Misali Daga Furucin Hausa

Samfuran sauraren magana na dangin wav2vec 2.0 sukan yanka sauti yanki-yanki, kowane yanki kimanin kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa. Furuci mai tsawon daƙiƙa 2 zai ba da yanki kusan 100. Wannan girma na iri na farko ne, domin tsawon sautin kaɗai ya isa a san shi.

Samfurin yakan sa wa kowane yanki harafi, ko kuma wata alama ta musamman mai nufin gurbi. Daga nan sai a bi ƙa'idar da ake kira CTC, wadda Alex Graves da abokan aikinsa suka gabatar a 2006: a haɗe haruffan da suka maimaitu a jere su zama ɗaya, sannan a zubar da alamomin gurbi. Idan aka ɗauki karan ɗori a matsayin gurbi, jerin b b a a b - b a a zai zama b a b - b a, daga bisani babba. Idan kuwa samfurin bai sa gurbi a tsakiya ba, jerin b b a a b b a a zai zama baba. Yawan yankin sauti bai hukunta komai ba a nan. Gurbi guda ne ya raba kalma mai harafi biyar da mai harafi huɗu. Masanin tsarin sauti zai lura cewa abin da ke hukunta tsawon tensar a nan shi ne baƙi mai ƙarfi, wato ainihin abin da ya raba kulle da kule. Babu maharhaɗin da zai iya sanin wannan tsawo kafin a saurari furucin.

Irin haka ke faruwa wajen karanta hoton shafi. Samfurin da ke neman layuka ko kalmomi a shafin rubutun ajami yakan zana akwatuna masu ɗimbin yawa da suka hau kan juna, sannan a tace su a bar mafi ƙarfi a kowane wuri. Yawan akwatunan da za su tsira ya dogara ne ga shafin: wani fili ne da layuka bakwai, wani kuwa malami ya cika gefensa da tsakanin layukansa da ta'aliƙi.

4.2 Inda Maharhaɗi Ke Cijewa

Samun alama marar madogara ba shi ne matsalar ba. Ana iya ware wuri mai girman u0, a ninka shi, a tara shi da wata tensa mai girman u0, duk ba tare da sanin lambar ba. Cijewar tana zuwa ne lokacin da aka yi tambayar da amsarta za ta sauya hanyar da za a bi. Wani lokaci mai rubuta samfurin ne ya yi tambayar a fili, kamar ya ce idan babu abin da ya tsira a dawo da amsa marar komai. Amma sau da yawa tambayar tana ɓoye ne a can cikin manhajar, inda mai samfurin bai taɓa leƙawa ba.

Lambobi biyu ne suka fi jawo wannan: sifiri da ɗaya. Tensa mai girman sifiri fanko ce, ayyuka da yawa suna da gajeriyar hanya dominta. Fuska mai girman ɗaya kuwa tana da wata ƙa'ida ta daban, domin ana iya shimfiɗa ta ta dace da kowane girma idan aka zo haɗa ta da wata tensa. Ga alama mai madogara, PyTorch yakan ɗauka cewa ba sifiri ba ce, ba kuma ɗaya ba, idan ta zo a haka sai ya harhaɗa mata taswira ta musamman. Ga u0 wannan dabara ba ta yiwuwa. Shi ya sa masu aiki da PyTorch suka saba da saƙon kuskuren nan mai suna GuardOnDataDependentSymNode, wanda ma'anarsa a taƙaice ita ce an nemi a kafa sharaɗin tsaro a kan lambar da babu wanda ya san ta tukuna.

5.0 Hanyoyin Fita

5.1 Yanke Taswira

Hanya mafi sauƙi ita ce maharhaɗi ya tsaya a daidai wurin, ya rufe taswirar farko, a zartar da aikin mai wuyar sha'ani yadda aka saba ba tare da harhaɗawa ba, sannan a buɗe taswira ta biyu. A wurin taswira ta biyu girman ya zama na iri na farko, tunda yanzu a bakin ƙofarta yake. Wannan ne abin da torch.compile ke yi idan ba a umarce shi da wani abu ba. Amsa ba ta gurɓata, abin da ake asara lokaci ne. Illarta ita ce ba ta da amfani ga wanda ke son fitar da samfurin a matsayin taswira ɗaya tilo da za a ɗora a wayar hannu, inda babu Python da zai riƙe tsakiyar.

5.2 Ba Maharhaɗi Tabbaci

Mai samfuri yakan san abin da maharhaɗi bai sani ba. Ya san cewa haruffan da za su tsira daga CTC ba za su fi yankunan sautin yawa ba, ko cewa wasu tensa biyu da suka fito daga tacewa ɗaya tsawonsu ɗaya ne. PyTorch ya tanadi torch._check domin faɗin irin wannan. Maharhaɗi zai karɓi maganar ya yi amfani da ita wajen amsa tambayoyinsa, sannan ya dasa bincike a cikin taswirar, ta yadda idan maganar ta zama ƙarya a lokacin aiki, lissafi zai tsaya da saƙon kuskure. A ganin wannan nazari, wannan ce hanya mafi gaskiya a cikinsu, domin ba ta ɓoye gazawa. Wahalarta ita ce takan zama kamar cire ƙaya: a cire ɗaya, a taka gaba kaɗan, a sake taka wata.

Wani lokaci gyaran ya fi haka sauƙi, wato a sake rubuta lissafin yadda tambayar ba za ta taso ba. Maimakon a tsame lambobin da suka cika sharaɗi a tara su, sai a ninka waɗanda ba su cika ba da sifiri a tara duka. Amsa ɗaya ce, girma kuwa bai motsa ba.

5.3 Iyaka da Ciko

Hanya ta uku ita ce ta fi yaɗuwa, ita ce kuma ta fi buƙatar a tsaya a kanta. A nan ana ƙayyade girma mafi yawa da ake tsammani, a ware wuri daidai da shi kullum, abin da ya rage a cike shi da ciko. JAX, wanda ke dogaro da XLA, ba ya yarda a harhaɗa nonzero sai an faɗa masa girman amsar tun da farko. Idan abin da aka samu bai kai ba, sai ya cike sauran gurabun. Idan ya wuce, sai ya datse rarar. PyTorch ma yana da nonzero_static mai irin wannan hali. TensorRT kuwa yakan nemi a ba shi girma mafi ƙanƙanta da mafi yawa da wanda aka fi tsammani ga kowace shigarwa mai sauyawa.

Whisper misali ne bayyananne. Kowane sauti ana mayar da shi daƙiƙa 30 cif, wato yanki 3,000. Gaisuwa mai daƙiƙa 3 za ta cika yanki 300 ne kacal, sauran 2,700 ciko ne, amma sashen sauraro na samfurin zai yi lissafi a kansu duka. A samfuran rubutu asarar takan fi haka zafi, domin lissafin da ke auna dangantakar kowane gutsure da sauran yana ƙaruwa ne da ninkin tsawo a kan kansa: gurbi 512 yana cin ninki 16 na abin da gurbi 128 ke ci a wannan sashe. Domin rage asarar akan tanadi awo kaɗan, kamar 32 da 64 da 128 da 256, a harhaɗa taswira ga kowane, jimla ta shiga mafi ƙanƙantar da zai ɗauke ta. Ba a iya yawaita su yadda aka ga dama, domin kowace taswira tana cin lokacin harhaɗawa, torch.compile ma idan ya sake harhaɗa aiki ɗaya sau 8 yakan haƙura ya koma zartarwa ta al'ada, sai dai idan an ɗaga masa iyakar.

Cikon kansa yana da tarko. Abin da JAX ke cikewa da shi, idan ba a zaɓa masa wani ba, sifiri ne. Na PyTorch kuwa -1. Amma a Python sifiri shi ne matsayin abu na farko a jeri, -1 kuma matsayin na ƙarshe. Wanda ya manta ya ware cikon, ya yi amfani da amsar wajen ɗebo gutsattsari, ba zai ga saƙon kuskure ba. Zai dai sami gutsuren farko ko na ƙarshe ya maimaitu sau da yawa a cikin lissafinsa, alƙalumansa su karkace, shi kuwa bai sani ba.

5.4 Zubarwa da Gangan

Akwai tsarin samfuri da ake raba wani sashe nasa zuwa gwanaye da yawa, kowane gutsure a tura shi ga gwani ɗaya ko biyu. Mafi girman samfuran NLLB-200 irin wannan ne. Yawan gutsattsarin da za su je wurin kowane gwani ya dogara ne kacokan ga abin da ke cikin rubutun. Maganin da Switch Transformer na Google ya yi amfani da shi a 2021 shi ne a ba kowane gwani kaso ƙayyadadde. Idan akwai gutsure 1,024 da gwanaye 8, rabon kowa 128 ne; idan aka ƙara rubu'i domin ko-ta-kwana, ya zama 160. Gutsure na 161 da ya nufi wannan gwani ba zai sami shiga ba, sai ya tsallake sashen ya wuce gaba yadda ya zo. Aikin MegaBlocks na 2022 ya nuna ana iya kauce wa zubarwar ta hanyar tsara lissafin a tubala masu girma ɗaya waɗanda yawansu ga kowane gwani ke sauyawa.

Kusa da wannan tunani akwai dabarar jera jimloli a layi ɗaya ba ciko, a ajiye wani ɗan jeri da ke nuna inda kowace ta fara. Jimloli masu gutsure 5 da 12 da 7 za su zama layi mai gurbi 24, da iyakoki 0, 5, 17, 24. Rashin tabbas ya tashi daga siga ya koma cikin ƙunshiyar ɗan jerin, inda ba ya damun maharhaɗi sosai. FlashAttention yana da sigar da ke karɓar irin wannan tsari. Ba kowace na'ura ko manhaja ce ke goyon bayansa ba.

6.0 Wa Ya Sa Iyakar, Kuma da Wane Harshe Ya Auna?

Duk inda aka bi hanyar iyaka, wani mutum ne ya zauna ya zaɓi lambar, kuma ya zaɓe ta ne bisa bayanan da ke gabansa. A manhajar Whisper da OpenAI ya fitar, sashen rubutawa yana da gurbi 448, kuma rabin wannan, wato 224, shi ne iyakar gutsattsarin da yake fitarwa ga kowane sauti mai daƙiƙa 30 idan ba a sauya ba. A fagen gano abubuwa cikin hoto, awon da aka saba yi da tarin hotunan COCO yana tsayawa ne a akwati 100 ga kowane hoto. Ɗari ta wadatar ga hoton titi mai motoci da mutane. Ga shafin ajami mai cike da ta'aliƙi, wanda ake neman kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, tana iya kasawa.

Ba a auna iyakar da kalma, da gutsure ake auna ta, gutsure kuwa ba ya yi wa harsuna adalci daidai. Manhajar daddatsa rubutu takan koyi gutsattsarinta ne daga rubutun da aka ba ta. Kalmar da ta yawaita a can takan zama gutsure ɗaya, wadda ba ta yawaita ba a farfasa ta. Inda Ingilishi ya rinjayi rubutun horon, jimlar Hausa takan ci gutsure fiye da takwararta ta Ingilishi mai ma'ana ɗaya. Haruffa masu lanƙwasa suna ƙara wa abin nauyi. A tsarin UTF-8, harafin boko na yau da kullum bayit ɗaya ne, amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kowane bayit biyu ne. Kalmar ɗanɗano harafi 7 ce, bayit 9. Ga samfuri irin ByT5 mai karatu bayit bayan bayit, wanda ya kiyaye ƙa'idar rubutu ya fi wanda ya yi sakaci da lanƙwasa saurin cika ma'auni. Rubutun masana mai nuna tsawon wasali da karin sauti ya fi haka tsawo, ajami mai cikakken wasali kuwa kusan kowane baƙi da kowace alama bayit biyu ne.

Abin da datsewa ke cirewa shi ne ƙarshen jimla, ƙarshen jimlar Hausa kuwa ba wurin wasa ba ne. Korewa a shuɗaɗɗen lokaci tana da ƙafa biyu, ba ta farko da ba ta ƙarshe, kuma a doguwar jimla ta rahoto ko ta shari'a ta biyun tana iya zuwa bayan kalmomi masu yawa. Idan aka datse ta, samfurin fassara zai karɓi korewa mai ƙafa ɗaya. Kalmar ko a ƙarshen jimla ita ke mayar da "sun biya kuɗin" tambaya. Idan ta faɗi, tambaya ta zama shaida. Haka ne da ce masu rufe jimla. Mai nazarin da ya tattara kurakuran fassara ya rarraba su, yana iya rubuta cewa samfurin bai ƙware a korewar Hausa ba, alhali samfurin bai ga ƙarshen jimlar ba sam.

Rarrabe waɗannan biyu ba ya buƙatar ilimin injiniya mai zurfi. Ana iya ɗaukar jimlar da ta ba da kuskure a gajarta tsakiyarta, a bar ginin korewar yadda yake. Idan kuskuren ya ɓace, tsawo ne sanadi. Ana iya jera kurakurai bisa yawan gutsattsarin jimlolinsu. Idan suka taru a bayan wata lamba irin 128 ko 256 ko 512, alama ce ta iyakar da aka sa. Inda aka sami dama, ana iya shigar da jimla ɗaya cikin samfurin da aka harhaɗa da wanda ba a harhaɗa ba a kwatanta. Ɗan bambanci a lambobi abu ne da aka saba gani, amma ɓacewar sashen jimla ba ya cikin wannan. Ga sauti kuwa, a gwada magana mai sauri irin ta mai sanarwa a rediyo da kuma magana mai natsuwa mai kalmomi iri ɗaya, a duba wadda ƙarshenta ke yankewa. Rahoton da ke auna samfuri a kan Hausa ya kamata ya faɗi manhajar daddatsawar da aka yi amfani da ita, da iyakar gutsattsarin shigarwa da ta fitarwa, da kuma adadin jimlolin gwajin da suka kai wannan iyaka.